Yaya Aka Yi Ingilishi Ya Game Duniya?

Wani mai sauraronmu da ke fataucin hatsi tsakanin Maraɗi da Jibiya ya rubuto yana cewa: "Don Allah ku gaya mini yadda aka yi Ingilishi ya game duniya. Ɗana ya ce wai wanda bai iya shi ba bai waye ba. Shin ya fi sauran harsuna ne?"

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Amsar a taƙaice ita ce bai fi ba. Shi harshe bayan mai ƙarfi da mai dukiya yake bi. Ga yadda abin ya faro.

Wajen shekara ta 450 ne wasu ƙabilu daga inda arewacin Jamus da Denmark suke a yau suka ƙetara teku zuwa tsibirin Birtaniya. Ɗaya daga cikinsu ana ce da su Angil, daga sunansu aka samo Ingila da Ingilishi. A 1066 mayaƙa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a har wajen shekara 300. Ingilishi kuwa aka bar wa manoma da talakawa. Ko a 1600, masu jinsa ba su wuce miliyan 7 ba, wato ba su kai mutanen jihar Kano ta yau ba.

Jirgin ruwa ne ya fid da shi waje, ta hanya biyu. Ta farko ita ce ƙaura. A 1607 Ingilawa suka kafa garin Jamestown a Amurka, a 1788 kuma suka sauke fursunoni a Ostareliya. Haka suka cika Kanada da New Zealand. A waɗannan ƙasashe baƙi sun rinjayi 'yan ƙasa, suka ƙwace musu filaye, harsuna da yawa suka mutu.

Ta biyu ita ce ciniki, wanda daga baya ya koma mulki. A 1600 aka kafa kamfanin da ke ciniki da Indiya, sannu a hankali ya mallake ƙasar. Haka aka yi a Nijeriya: an kama Ikko a 1861, kamfanin Royal Niger ya riƙe cinikin kogin Kwara, sannan a 1903 sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato. Bature yana bukatar akawu da tafinta, sai ya buɗe makaranta, kamar wadda Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Maraɗi kuwa hannun Faransa ta faɗa. Shi ya sa in ka ƙetare iyaka takardar kwastan take sake harshe, alhali mutanen ɗaya ne.

Da mulkin mallaka ya ƙare, ƙasashe irin su Nijeriya da Gana da Kenya suka riƙe Ingilishi don aikin gwamnati, saboda ƙabilunsu da yawa. Daɗa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, arzikin Amurka ya ƙara tura shi gaba, ta hanyar dala da sinima da jirgin sama, daga baya kwamfuta da intanet.

Yau ana ƙiyasta masu jinsa sun kai wajen biliyan ɗaya da rabi, amma waɗanda suka sha shi a nono ba su wuce miliyan 400 ba. Sauran duk koyo suka yi, kamar ɗanka.

Kuma ai ka san irin wannan a gida. Wa ya kai Hausa Gwanja da zangunan Gana in ba fatake masu jakuna da ke neman goro ba? A 2025 ma Nijar ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci suka zama harsunan aiki.

Saboda haka, Malam, bar yaro ya koya sosai, don ya karanta maka abin da ke jikin kwalbar maganin feshi da takardar banki kafin ka dangwala hannu. Amma ka tuna masa cewa harshen da yake taƙama da shi, da can na manoma ne.

Da fatan ka gamsu. Sai mun sake ji daga gare ka.