Maƙoƙo da gishirin ayari

Duk wanda ya girma a ƙasar Madarunfa shekaru arba'in da suka wuce ya san mace mai maƙoƙo, ko a danginsa ko a unguwarsu. Tana rufe wuya da gyale, mutane kuma na cewa ruwan wata rijiya ta sha, wasu su ce sammu ne. Yau ɗalibaina na makarantar horar da malamai da yawa ba su taɓa ganin babban maƙoƙo da ido ba.

A gaban wuya akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi. Ita ke sarrafa sinadarin da ke tafiyar da girma, ɗumin jiki da ginuwar ƙwaƙwalwa, kuma ba ta iya aikin sai da aidin. In ta rasa shi sai ta kumbura, tana neman abin da babu. Babba na buƙatar mikirogiram 150 a rana, mai ciki 250. Ƙasarmu tana nesa da teku, hatsinta ba ya ɗauke da aidin mai yawa. Kifin tabkin Madarunfa ma, duk daɗinsa, bai kai na teku ba ta wannan fanni. Ga gero, abincinmu na safe da dare: binciken da aka yi a Darfur ta Sudan ya nuna yana da sinadarai masu rage wa tsokar ƙarfi idan aidin ya yi ƙaranci.

Gishirin da kakanninmu suka ci, raƙuman Buzaye ne suka kawo shi daga Bilma da Fashi, kantu da beza, a musanya da gero. Ciniki ne mai daraja, amma ba mai ƙara wa gishirin komi.

Turai ma ta sha wannan ciwo. A Suwizalan aka fara zuba aidin a gishiri a 1922, Amurka ta bi a 1924. Mu sai bayan taron ƙoli kan yara na 1990 a New York abin ya iso: Nijeriya ta wajabta shi a 1993, Nijar ta bi baya a tsakiyar shekarun 1990.

Abin da ya fi damuna a matsayin malami shi ne wanda ba ya kumbura. Jaririn da uwarsa ta rasa aidin tana da cikinsa na iya tasowa da nauyin fahimta, wuyansa lafiya lau, mu kuma a aji mu kira shi daƙiƙi. Har yanzu a kasuwar Ɗan Isa za ka ga gishiri a buɗe cikin tiya, rana na dukansa, ba buhu ba suna, alhali zafi da laima suna cinye aidin. A gida ma uwargida na ajiye shi a gwangwani marar murfi, gab da murhu.