Tal National: daga ina tarihinta ya fara?

Galibin abin da ake rubutawa a Turai kan Tal National yana farawa ne daga 2013, shekarar da kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da faifanta Kaani. A ganinmu an yanke tarihin. Hamadal Issoufou Moumine, wato Almeida, ya kafa ƙungiyar a Yamai tun 2000, ya ara mata sunan rairayin Tal na kusa da N'Gigmi. Shekara 13 ta yi tana raba dare da gita, cikin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, tana tallar faifanta a titi. Zoy Zoy (2015) da Tantabara (2018) suna intanet. Na farkon kuwa, sai mai bincike ya bi tsofaffin masu saida faifai.