Sanamaki: Daga Hamadar Nubiya Zuwa Kantin Kemis

Duk wanda ya taɓa shan jiƙon sanamaki da dare ya san abin da asuba ke zuwa da shi. Ƙwayar Senokot da ake saya a kemis saboda maƙarƙashiya, daga wannan tsiron aka ciro ta. Filaskon da ke fitowa a dazukanmu kuwa ɗan'uwansa ne na jini, sai dai bai kai shi ƙarfi ba.

Shi sanamaki ɗan gajeren tsiro ne mai jure fari, yana fitowa da kansa a arewacin Sudan da kudancin Masar da yankin Hijaz. Larabawa sun san shi tun da daɗewa. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito cewa Asma'u bint Umais tana wanke ciki da wani tsiro mai zafi, shubrum, Annabi (SAW) ya nuna mata tsananinsa, ta koma sanamaki, ya kuma yabe shi. A ƙarni na 9 likitocin Bagadaza irin su Yuhanna ibn Masawaih, wanda ya rasu a 857, suka shigar da shi littattafansu. Da aka fassara littattafan Larabawa zuwa Latin, Turawa suka karɓe shi hannu bibbiyu, domin magungunan wankin cikin da suka gada na gigita mutum ne.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Makiyaya su tsinko ganyen a hamada, a ɗora wa raƙuma zuwa Aswan, a zuba a jiragen ruwa su gangara Kogin Nilu har Bulak, kusa da Alƙahira. Can ake tankaɗe shi a ɗaure, sannan a wuce da shi Iskandariyya zuwa Turai. A Bulak ɗin nan algus ya shiga: ana cakuɗa shi da ganyen hargal don ya yi auki. Mai saye a Landan bai san yawan ganyen gaskiya da ke cikin buhunsa ba. Shi ya sa da aka fara noma shi a Tirunelbeli ta kudancin Indiya, mai tsafta, ganye lafiyayye, sai ya samu karɓuwa.

Ko babu algus, matsalar tana nan. Tafin hannu ɗaya na ganye yau ya yi aiki a hankali, gobe irin wannan awon ya murɗa maka ciki har ka yi gumi. Ba a gano dalili ba sai a shekarun 1940, lokacin da Arthur Stoll da abokan aikinsa a Suwizalan suka ware sinadarin da ke aikin, senosaid. Yawansa ya bambanta daga ganye zuwa ganye. A ganina nan ne babbar gaɓar tarihin, domin tun daga lokacin aka iya auna magani maimakon kintace. Ƙwayar da aka saba gani a yau tana ɗauke da miligiram 7.5.

Aikinsa ma abin sha'awa ne. Sinadarin yana ratsa tumbi da ƙaramin hanji bai taɓa komai ba, sai ya isa babban hanji ƙwayoyin halittar da ke zaune can su farfasa shi. Abin da ya fita shi ke zaburar da hanji ya riƙa matsawa, ya kuma tara ruwa a cikin bayan gida. Tafiyar tana cin awa 8 zuwa 12, dalilin da ya sa ake sha lokacin kwanciya. Mai gajen haƙuri da ya ga shiru bayan awa biyu ya ƙara wata ƙwaya, shi ya jawo wa kansa. Idan fitsari ya yi ja-ja, wannan launin maganin ne.

Sanamaki ya yi kishiyoyi. A Hungari, wajen 1900, Zoltan Vamossy yana gwada wani sinadari, fenolftalin, da ake son sa wa giya a matsayin alama, sai ya lura yana sa zawo. A 1906 aka fara sayar da shi a Amurka cikin cakulan da sunan Ex-Lax. Ya yi kusan shekara 90 yana tashe, har gwaji a kan ɓeraye ya nuna alamun kansa, hukumar magunguna ta Amurka ta haramta shi a 1999. Masu Ex-Lax suka koma ga me? Ga sanamaki. Kishiyar da ta tsira ita ce bisakodil, wato Dulcolax, da aka fitar a Jamus a farkon shekarun 1950. Ita tana da rufi na musamman don kada ta narke a tumbi, saboda haka haɗiye ta ake yi ba taunawa ba, kuma a bar tazarar awa guda tsakaninta da madara ko maganin ƙwannafi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda kintace ya dawo ta bayan gida, cikin kwalayen "shayin rage tumbi". Da yawansu sanamaki ne a ciki, ana sha kullum wata da watanni. Ba kitse yake fitarwa ba, ruwa ne da gishirin jiki, musamman fotasiyam wanda bugun zuciya ya dogara da shi. A 2020 sai da Birtaniya ta rage girman kwalayen da ake sayarwa a kantuna saboda irin wannan ɓarna, ta kuma hana bai wa yaro ɗan ƙasa da shekara 12 sai da izinin likita.

Ƙa'idar da likitoci suka tsaya a kai gajeriya ce. A fara da ruwa, ganye, wake, gwanda da motsa jiki. In sun gaza, a sha mafi ƙarancin awo, kada a wuce mako guda. Mai juna biyu da mai ciwon zuciya ko ƙoda su fara tambaya tukuna. Wanda cikinsa ya kumbura yana amai, ko tusa ba ta fita, ko yake ganin jini a bayan gida, ko yake ramewa ba dalili, kada ya kusanci sanamaki ko Dulcolax. Wataƙila hanji ne ya toshe, zaburar da shi kuma na iya fasa shi. Wannan asibiti zai nufa, a ranar.