Daga Kwanan Jira Zuwa Mintoci: Tarihin Matse Bidiyo

Duk wanda ya taɓa tace fim a kwamfutar gida a farkon shekarun 2000 ya san wani irin jira mai cin rai. Za a gama yanka da haɗawa, a danna umarni, sannan a bar na'ura tana gurnani har asuba. In aka ɗauke wuta cikin dare, sau da yawa aiki ya koma farko. A Kano, inda harkar finafinan bidiyo ta kankama tun fitowar Turmin Danya a 1990, wannan jira kuɗi ne tsabarsa, domin kasuwa ba ta jiran kowa.

Tushen matsalar lissafi ne. Hoto guda na talabijin irin namu yana da ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye, kuma hotuna 25 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa. In ba a matse su ba, faifan CD zai cika da abin da bai fi rabin minti da 'yan kai ba.

Mabuɗin ya fito ne daga Nasir Ahmed, injiniya haifaffen Indiya da ke koyarwa a Amurka, wanda a 1974 ya wallafa dabarar DCT tare da abokan aikinsa biyu. Dabarar tana rarrabe abin da ido ke kula da shi a hoto daga abin da za a zubar ba tare da an lura ba. A kanta ƙungiyar MPEG, wadda aka kafa a 1988, ta gina MPEG-1, tsarin da ya haifi faifan VCD a 1993, mai ɗaukar kimanin minti 74.

To amma a nan gizo ke saƙar. Yawancin hotunan da ke bin juna kusan iri ɗaya ne, don haka na'ura kan rarraba hoto gida-gida, ɗigo 16 sau 16, ta shiga laluben inda kowane gida yake a hoton da ya gabata, ta rubuta motsin kawai. Mai kallo an riga an faɗa masa inda kaya suke. Mai matsewa shi ne ke bin kasuwa rumfa-rumfa yana cigiya. Da gangan aka tsara haka, domin na'urar kallo ta yi araha, nauyin kuma ya hau kan mai shiryawa. Kamfanonin da suka zauna teburin shawara suna da manyan injuna. Mai tace fim a ɗakin haya ba ya cikin lissafinsu.

Sauƙin ya zo ne a hankali. Intel ta ƙara wa ƙwaƙwalwar kwamfuta umarnin MMX a 1997, mai sarrafa ɗigo da yawa a bugu ɗaya. A 2005 ƙwaƙwalwa mai injin lissafi biyu ta shiga gidaje, aka fara raba aikin. Sai dai H.264, wanda ya fito a 2003, ya lashe ribar tun kafin a more ta, saboda lalubensa ya fi na baya zurfi. A ganina babbar gudummawa ta zo ne daga masu sa kai da suka rubuta manhajar x264 kyauta, domin sun ba mai aiki zaɓi: ya rage zurfin laluben ya gama da wuri, ya haƙura da fayil mai nauyi, ko ya jira ya sami ƙarami.

A 2011 Intel ta fito da Quick Sync, Nvidia ta biyo baya da NVENC a 2012, kowanne wani sashe ne na na'ura da aka keɓe wa aikin bidiyo. Aikin dare ya koma na mintoci, ko da yake a farkon lamarin hoton bai kai na x264 tsafta ba in girman fayil ɗaya ne. Da AV1 ya bayyana a 2018, manhajarsa ta farko kan ɗauki awanni a kan bidiyon 'yan mintoci, kuma an ɗauki shekaru kafin katin hoton gida ya iya matse shi da kansa.