Dabbobin gida da na daji a Tasawa da Mayahi

Gundumomin Tasawa da Mayahi, a jihar Maradi, ƙasar jigawa ce inda noman hatsi da wake ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da kiwo. Abincin dabbobin yankin, na gida da na daji, ya rataya ne a kan gonaki da itatuwan da ke cikinsu.

Dabbar da ta fi yin suna ita ce jar akuyar Maradi, wadda ake ɗaukar ƙasar Tasawa a matsayin cibiyarta. Tana yawan haihuwar tagwaye, tana ba da nono, fatarta kuma tana da daraja a kasuwannin waje tun zamanin fatake. Galibi mata ne ke kiwonta a cikin gida, ita ce asusunsu na biki da rashin lafiya. Akwai kuma tumaki irin balami da uda, waɗanda ake turke wa domin babbar Sallah, sai shanun huɗa da na amalanke, jakuna, kaji da zabi.

A karkara, garkunan Fulani da Buzaye na bin burtali zuwa arewa da damina, su dawo bayan girbi su ci kara da harawa, su bar taki a gona. Idan noma ya cinye burtali, ko dabbobi suka shigo kafin a kwashe amfani, nan rikici ke tashi. Dokar tsarin karkara ta 1993 ce ta tanadi kwamitocin filaye da ke shata waɗannan hanyoyi.

Manyan namun daji sun yi ƙaranci saboda faɗaɗar gonaki da farauta. Waɗanda aka saba gani yanzu su ne zomo, kurege, bushiya, gafiya da damo. Cikin tsuntsaye akwai kurciya, balbela mai bin shanu, da shamuwa, wadda zuwanta ke nuna damina ta kusa. Jan baki kuwa ɓarna yake yi wa hatsi idan ya fara nuna. Ungulu, mai share mushe a mahauta da bayan gari, ta ragu ƙwarai: tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Itatuwa biyu ne ginshiƙin wannan zama. Gawo yana fitar da ganye da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, 'ya'yansa kuma abinci ne ga awaki da tumaki. Goruba ta cika kwarin Gulbin Kaba da ya ratsa Mayahi, tana ba da inuwa, mafakar tsuntsaye da kabar saƙa. Shi ya sa sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma a gona, wanda ya bazu a jihar Maradi tun shekarun 1980, yake amfanar makiyayi da manomi baki ɗaya.