Garin Furotin da Motsa Jiki ga Wanda Ya Ba da Ƙodarsa: Bitar Hujjojin Hani

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi hanin da akan yi wa mutumin da ya ba da ƙodarsa ɗaya yana raye, cewa ya ƙaurace wa garin furotin da ɗaga ƙarfe muddin ransa. Ta nuna cewa hanin ya ginu ne bisa ƙiyasi da dabbobi, da kuma wani awon jini wanda tsoka da nama kan ruɗa shi.

Gabatarwa

Tun ranar 23 ga Disamba 1954, sa'ad da aka ɗauki ƙodar Ronald Herrick a birnin Boston, likita Joseph Murray ya dasa ta ga ɗan'uwansa Richard wanda tagwaye suke, likitoci ba su gushe ba suna tambayar abin da zai sami lafiyayyen mutum da aka bar shi da ƙoda guda. Shi kuwa Ronald sai a 2010 ya rasu. Mas'alar ta iso Nijeriya da fara dashen ƙoda a asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 2002, inda daga rayayyu ake samun ƙodar, galibi dangi, kuma da yawansu majiya ƙarfi ne da ke cin abinci da guminsu.

Waiwaye

Asalin hanin yana komawa ga Brenner da abokan aikinsa (1982), waɗanda suka gina ra'ayinsu bisa gwaji da ɓeraye da aka cire musu mafi yawan ƙodarsu, aka ga ragowar matatun suna aiki fiye da ƙima har suka taurare, aka kuma ga rage musu furotin yana jinkirta lalacewar. Ba mu musun wannan sakamako. Abin da muke ja da shi shi ne ɗora hukuncinsa a kan mai bayarwa, domin malaman usulu sun shardanta cewa ƙiyasi ba ya inganta sai asali da reshe sun haɗu a illa, alhali ɓeran an bar masa kimanin kashi ɗaya cikin shida, mutum kuwa an bar masa rabi lafiyayye, wanda yakan girma har tacewarsa ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na yadda take kafin aiki. Ko a cikin masu ciwon ƙoda na haƙiƙa, binciken MDRD (1994), mai mutum 840, bai fito da fa'ida bayyananniya ta rage furotin ba. Hujja mafi ƙarfi a hannun masu hani ita ce ta Knight (2003), wanda ya bi mata 1,624, ya tarar yawan furotin bai taɓa masu cikakkiyar tacewa ba, amma ya tafi tare da saurin raguwa ga waɗanda tacewarsu ke tsakanin 55 da 80. Masu bayarwa da dama kuwa a nan alƙalumansu ke sauka, sai dai su cirewa ce ta kai su nan, ba cuta mai ci gaba ba. Abin da ke ƙarfafa wannan shi ne Ibrahim (2009) ya bi masu bayarwa 3,698 a Minesota, 11 ne kawai ƙodarsu ta gaza.

Hanyar bincike

An taƙaita ga nazarin abin da aka buga a mujallun likitanci da ƙa'idojin ƙungiyar KDIGO, an kuma fifita binciken da ya bi mutane shekaru masu yawa.

Sakamako

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ma'aunin da ake yanke hukunci da shi. Kiriyatinin, wanda daga adadinsa a jini ake lissafo ƙarfin tacewar ƙoda, ba guba ba ne da ƙoda ke haifarwa in ta kamu. Tarkace ne da tsoka ke zubarwa kullum, domin kusan kashi 2 cikin 100 na kiriyatin da ke jiki kan rikiɗe ya zama shi a kowace rana, ta yadda duk wanda tsokarsa ta ƙaru, ko ya sha garin kiriyatin irin na 'yan ɗaga ƙarfe, ko ya ci gasasshen nama, adadinsa zai hau ko da ƙodarsa ba ta motsa daga halinta ba. Ɗauki saurayin da ya ba mahaifinsa ƙoda, ya warke, ya koma ɗaga ƙarfe wata shida, ranar da za a ɗebi jininsa ya biya ta wurin mai balangu kafin ya isa asibiti: takarda za ta fito da adadi mai tayar da hankali, a ce masa furotin ya fara cin ƙodar, alhali kamar wanda ya ga tulin shara a ƙofar gida ne ya zargi mai kwashewa da lalaci, bai san biki aka yi a gidan ba. Saboda wannan ne hukumar NICE ta Ingila ta ce a bar cin nama awa 12 kafin awon. Maganin shubuhar kuwa sananne ne: a auna sistatin C, wanda girman tsoka ba ya rinjayarsa sosai, a kuma duba ko albumin na zuba a fitsari, wanda ko da ma KDIGO (2017) ta sa shi cikin binciken shekara-shekara na mai bayarwa tare da awon hawan jini. In waɗannan suna daidai, hawan kiriyatinin shi kaɗai bai isa hujjar hani ba.

Wannan ba izini ba ne na wuce haddi. Buƙatar baligi ta furotin a rana giram 0.8 ce ga kowane kilo na nauyinsa, wato giram 56 ga mai kilo 70. Morton (2018) ya nuna amfanin ƙari ga tsoka yana tsayawa a wajen 1.6, KDIGO (2024) kuma ta gargaɗi masu ciwon ƙoda mai barazanar ci gaba da kada su haura 1.3. A ganinmu ihtiyaɗi shi ne mai bayarwa ya tsaya kusa da wannan na ƙarshe, kimanin giram 90, abin da wake da ƙwai da nono da awara ke iya cikawa, cokalin garin kuma, mai giram 20 zuwa 25, a lissafa shi a ciki. Motsa jiki kuwa, bayan makonni shida na farko da ake hana ɗaukar nauyi don gudun ƙaba a wurin yanka, shi ne ke kare shi daga ƙiba da ciwon sukari da hawan jini. Haɗarin gaske yana cikin ibuprofen da diclofenac da ake haɗiya don ciwon jiki bayan atisaye cikin zafi da ƙishirwa, da allurar kumbura tsoka, wadda binciken Herlitz (2010) ya ga ta tare da taurin matatun ƙoda a masu gina jiki.

Iyakokin bincike

Dole mu yarda, ko ba mu so, cewa gwaje-gwajen furotin da muka dogara da su an yi su ne a kan masu ƙoda biyu, wasunsu na ɗan gajeren lokaci, kuma mafi yawan mutanen Turawa ne. Muzaale (2014) ya ƙiyasta gazawar ƙoda cikin shekara 15 ga kimanin 31 cikin 10,000 na masu bayarwa a Amurka, amma kusan 75 ga baƙar fata, kuma nau'o'in ƙwayar gado ta APOL1 da ake tuhuma da wani ɓangare na wannan tazara sun yawaita a Afirka ta Yamma. Sistatin C ma yana da tsada, kuma ciwon maƙoƙo da magungunan sitiroyid kan karkatar da shi.