Tamburan bayan tsohon cokali: wa suke yi wa shaida?

Cokalin ƙarfe baƙo ne a ƙasar Funtua da Malumfashi, inda hannu da ludayi da koshiya suka ishi kakanni. Ya yawaita ne bayan da layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtua har ya kai Ƙauran Namoda a 1929, cinikin auduga kuma ya jawo injin gurza da kantunan kamfanonin Turawa. Saboda haka in an tsinci tsohon farin cokali cikin kayan gado, da 'yan tambura jere a bayan mariƙinsa, Ingila ce wurin fara cigiya. Sai dai mai neman sunan wanda ya riƙe guduma zai sha mamaki, domin ba don yabon gwani aka ƙirƙiro tamburan ba. An yi su ne don a san wanda za a kama idan an yi wa azurfa algus.

Yadda suka taru ɗaya bayan ɗaya shi ne hujja. A 1300 Sarki Edward na Ɗaya ya hana sayar da kayan azurfa sai an gwada su, an tabbatar kashi 925 cikin 1000 tsantsa ne, sannan a buga kan damisa. Sai a 1363 aka tilasta wa kowane maƙeri tambarin kansa. A 1478 aka ƙara harafin shekara, don a gane jami'in da ya yi gwajin in ya yi ha'inci, a 1544 kuma tambarin zaki ya shigo. Birmingham ta sami tambarin anka, Sheffield ta sami na kambi, duk a 1773. Kowane ƙari wata kafar zamba ya zo toshewa. Wani zai ce ai ga haruffan suna nan ɓaro-ɓaro, me ya rage? Haruffan na wanda ya yi rajista ne a ofishin gwaji, ya kai kaya ya ɗauki alhakinsu. Sau da yawa mai masana'anta ne ko ɗan kasuwa, kuma ma'aikatan da suka yi gumin ba su da suna a jiki. Ballantana in an ga EPNS: wannan farin ƙarfe ne da aka yi wa rufin azurfa da lantarki, dabarar da kamfanin Elkington ya yi wa rajista a 1840, kuma masu yin sa sun iya jera tamburan da ke kama da na hukuma.

Maƙeran fari na ƙasar Hausa ba su bi wannan hanya ba, kuma ba don gazawa ba. Mai son awarwaro ko zobe ko adon linzami ya san maƙerinsa, ya san gidansu, sau da yawa ma shi ke kai kuɗin da za a narka, ga Sarkin Maƙera in gardama ta tashi. Wanda ke ciniki ido da ido ba ya bukatar zaki ya tsaya masa. Shaidar tana jikin kuɗin tun kafin ya shiga wuta, ko liyari mai hoton Sarauniya Mariya Tereza, ko sulallan Afirka ta Yamma da aka fara bugawa a 1913, aka janye azurfarsu a 1920. Liyarin ma ya isa jan kunne ga mai gaskata rubutu. Tun bayan rasuwar sarauniyar, shekarar 1780 ake rubutawa a kansa, alhali an yi ta buga shi a Biyana da Rum da Landan da Bombai har cikin ƙarni na 20.

Gaskiya ne tsarin namu ya jawo asara, don da zarar tsoffin gida sun ƙare, sunan maƙeri ya bi su. Amma tambarin Ingila ma kamfani da gari da shekara yake bayarwa, ba kasafai yake kai mutum ga hannun da ya yi aikin ba. Mai cokali ya fara neman zaki tukuna. In kuwa awarwaro ne, ya tambayi dattijuwar gidan tun tana da rai, ya rubuta abin da ta faɗa.